A Kori Caca, A Bar Mana Dara

Yau kan wasan dara nake son mu ɗan tattauna, musamman irin wadda ake bugawa tsakanin majalisa da majalisa a ƙauyukanmu na ƙasar Rogo da Ƙaraye, domin na lura an fara yi mata kuɗin goro da caca, kuma wannan zalunci ne.

Wanda ya tashi a Jajaye ko Zarewa ko Fulatan ya san yadda abin yake. Da an gama girbi, kaka ta wuce, sai 'yan majalisar wannan gari su hau kekuna da babura su kai wa na wancan gari ziyara. Ba a buƙatar komai sai inuwa da ƙasa mai laushi. A haƙa gurabe 30, layi 5 mai gurbi shida-shida, wannan ya ɗebi tsinke 12, wancan ya ɗebi tsakuwa 12. Duk wanda ya jera 'ya'ya uku ya cire ɗan abokin karawarsa guda ɗaya, in ya jera huɗu kuwa ya yi aikin banza. Mutum biyu ne ke zaune, amma wallahi gari biyu ne ke wasan, don kowane ɗan kallo gwani ne a bakinsa, ana ta "kai malam, ka rufe nan!" har dattijo ya manta da girmansa. Mai masauki ne ke sayen shayi da goro, ko shi ya ci ko shi aka cinye. Ka riƙe wannan, mai karatu, domin a nan bambancin yake: ba wanda ya zo don ya tafi da kuɗin wani.

An ce ɓata lokaci ce. To, na yarda akwai wanda ladan zai kira salla yana duƙe kan gurbi, wannan a yi masa faɗa, laifinsa ne. Amma a dubi abin da ya maye gurbinta. Yaro ya shige lungu da wayarsa shi kaɗai, ya zuba kuɗin masarar ubansa kan ƙwallon da ake bugawa a Ingila, ba wanda ya gani balle ya tsawata. A 2024 sai da Hisbah ta bi shagunan cacar ƙwallo a Kano tana rufewa, kuma ta kyauta, sai dai wa zai rufe shagon da ke cikin aljihu? Dara kuwa a bainar jama'a ake yin ta, gaban kawu da baffa.

Su kansu Turawan Ingilan, ƙungiyoyin mashayansu na ziyartar juna don wasannin gargajiyarsu, suna alfahari da hakan. Mu da muke yin namu kan shayi da rake, me zai sa mu ji kunya?

Abin da ya fi damuna shi ne zumunci. Mutanen da suka saba zama tabarma ɗaya suna tsokanar juna, in rikicin iyakar gona ko ɓarnar shanu ya taso, da wuya ya kai gaban alƙali, don akwai fuskar da za a duba. Saboda haka ina kira ga dagatai da masu unguwanni, ranin nan su sa baki a dawo da ziyarar, a zaunar da samari kusa da tsofaffin gwanaye su koya, da sharaɗi ɗaya: duk wanda ya ajiye ko naira biyar a gefen gurbi, a tashe shi.