Ajiye Makulli Ba Sallama Ba Ce

Jama'ar Nyanya, akwai wata ɗabi'a da ta fara zama ruwan dare tsakanin 'ya'yanmu direbobin manyan motoci, kuma mun gaji da yin shiru a kanta. Direba ya samu wani maigidan da ya ɗan ƙara masa albashi, sai ya faka tifa ko tirela a wani gidan mai a Mararaba, ya miƙa wa yaron mota makulli, ya kashe waya. Da asuba mai mota na can yana zaton an tafi Mpape ɗaukar dutse, sai azahar ya ji labari a bakin ɗan kamasho. Wai shi nan ya bar aiki ke nan. Haba malam!

Ba mu ce kada kowa ya nemi gaba ba. Ai neman gaban ne ya baro da mu daga Kano da Katsina da Sakkwato muka zauna a nan. Tafiyar ba laifi ba ce, sulalewar ce abin kunya.

In direba ya ɓace, wa ake nema? Ba shi ba. Dattijon da ya tsaya masa garanto, ya sa hannu, ya ba da hotonsa, shi ake kira ofishin 'yan sanda ya yi bayanin dizal da taya. Gobe in wani yaro mai hankali ya je neman mota, sai a ce masa, “Ku 'yan unguwar nan mun gwada ku.” Wake ɗaya ya ɓata gari. Mu da muke zaune cikin wasu ƙabilu, sunanmu shi ne jarinmu, kuma ba na mutum ɗaya ba ne.

Akwai abin da ya fi wannan muni. Mai motar da aka bari da lodi da alƙawari a wuya ba ya tsayawa tantance direba. Wanda ya samu a kusa shi zai ba, sau da yawa yaron motar da bai da lasin kuma bai gama sanin birki ba. Shi ne zai gangaro tudun Kugbo da yamma, lokacin da hanyar Abuja zuwa Keffi ta cika maƙil da matanmu da 'ya'yanmu. Ba mu manta da gobarar gadar Karu ta watan Maris 2025 ba. Ba mu ce wannan ne sanadinta ba, amma ta nuna mana abin da babbar mota ke yi in ta ƙwace a wannan gangare.

Mun san amsar direbobi, mun ji ta a tasha da bakin masallaci: “In na ba da notis, maigida zai riƙe kuɗin watana, ya ƙirƙiro bashin gyara ya ɗora mini.” Wallahi ana yi, kuma masu motocin da ke yin haka su ma da su muke. Alhaji, wanda ya zo ya gaya maka gaskiya ka cinye masa haƙƙi, kai ka koya wa na bayansa gudu. Gumin direban da ya kwana a hanyar Lokoja ba ganima ba ce.

Amma zaluncin maigida ba ya halatta cin amana, kuma doka ba ta bar kowa a duhu ba. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya tsara mafi ƙarancin wa'adi: kwana 1 in aikin bai wuce wata 3 ba, mako 1 in ya wuce wata 3 bai kai shekara 2 ba, mako 2 daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, wata 1 in ya kai shekara 5. Notis na mako ɗaya zuwa sama a rubuce ake ba da shi. Wa'adin ya hau kan mai mota kamar yadda ya hau kan direba, saboda haka korar direba ta waya da tsakar dare ita ma ba daidai ba ce. Wanda ke sauri yana iya biyan kuɗin kwanakin a maimakon jira.

To, ga abin da muke kira a kai. Direba, rubuta takardarka ko da layi uku ce, ka riƙe kwafi. Ka miƙa mota a gaban garantonka da wakilin ƙungiyarku, a ƙirga taya da batir da jak da takardu, a yi lissafi a wurin, kowa ya sa hannu. In maigida ya ƙi biya, ga fadar Sarkin Hausawa, ga ƙungiya, ga kotun ma'aikata a cikin Abuja. Ku kuma dattawa, ku daina tsaya wa wanda ya taɓa sulalewa sai ya koma ya yi sallama.

Ranar da ka zo neman motar nan, da rana ka zo, da sallama, da mutane. Ka fita ta ƙofar da ka shigo.