Ba Kowane Jan Ido Ne Afolo Ba

A kakar bara wani ɗan'uwana, manomin shinkafa a Kadawa, yana cikin sussuka ƙaiƙayi ya faɗa masa a ido. Ya murza, ya ci gaba da aiki. Da idon ya yi ja, maƙwabta suka ce afolo ne, zai wuce. Ya sayi maganin ɗigawa a kemis, aka kuma ɗiga masa nono. Sai da ya kwana tara kafin ya isa asibiti a Kano, inda likita ya ce gyambo ya riga ya ci baƙin idon. Yau hakiya ta rufe wannan ido.

Ni ba likita ba ne, nazarin harshe na karanta. Abin da na lura shi ne, sunan da muka ba ciwon shi ya fara cutar da ɗan'uwana. Kalmar afolo ta samo asali ne a 1969, lokacin da annobar jan ido ta ɓarke a Gana daidai da saukar kumbon Apollo 11 a duniyar wata. Afolo na gaskiya yakan warke da kansa cikin mako ɗaya ko biyu. Amma mun mayar da sunan rumfa, kowane jan ido a ƙarƙashinta yake fakewa, kuma duk wanda aka ce masa afolo ne, an ce masa ya jira ke nan.

Jira kuwa a yankin Kura da Bunkure ganganci ne. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 ake noma rani da damina, ana casa, ana feshin magani. Ƙaiƙayi ko kara idan ya karce baƙin ido yakan shigar da ƙwayar cuta mai cin ido cikin kwanaki, kuma wasu magungunan ɗigawa da ake saye ba da takardar likita ba ƙara mata ƙarfi suke yi.

Ga alamun da ba a kwana da su: jan ido mai zafi da ƙyamar haske bayan rauni, ɗaukewar gani farat ɗaya ko da babu zafi, ciwon ido mai tsanani tare da ciwon kai da amai, ganin walƙiya ko wani abu kamar labule, ruwan mugunya a idon jariri. Idan maganin feshi ko taki ya fantsama a ido, a wanke shi nan take da ruwa mai tsabta na aƙalla minti 20, sannan a tafi asibiti. Idan abu ya soke idon, kada a zare shi, kada a murza.

Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007 ya nuna kashi 84 cikin ɗari na makantar 'yan shekara 40 zuwa sama abin kaucewa ne. Kano kuwa ba ta rasa wurin zuwa ba: akwai Asibitin Ido na ECWA da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala.

Ina kira ga Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are da malaman gona su sanya wannan faɗakarwa da tabarau na kariya cikin shirin kowace kaka, gidajen rediyo kuma su yaɗa ta da Hausar da manomi ke ji. Mu kuma da 'yan'uwa ke bugo wa waya daga ƙauye, mu daina cewa a bari a gani. Mu aika da kuɗin mota a ranar. Allah Ya tsare mana ganinmu.