A Bar Yaro Da Motar Karansa

Yau zan ɗan jingine labarin da muke ciki, in taɓo wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda muke kashe basirar 'ya'yanmu da hannunmu, alhali muna ganin tarbiyya muke yi.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Rano, ko Rurum ne ko Kibiya, ya san da an girbe dawa, to kakar yara ta kama. Karan da aka bari a gona shi ne jarinsu. Yaro zai nemi reza, ya ɓare bayan kara ya mayar da shi tsinkaye, ya yayyanka tsokar nan mai laushi, ya yi ta soka wannan cikin wancan har gingimari ta tashi da kanta da bodinta. Taya kuwa tsohon silifa ake yankawa. Wanda hannunsa ya faɗa sai ya koma langa-langa da gwangwanin madara, har sitiyari mai doguwar waya zai sa mata, yana tafe yana murzawa a gindin duwatsun Rurum. Ba wanda ya koya masa awo, ido ne kawai da haƙuri. Amma me yake tararwa a gida? "Kai, tashi ka ba mutane wuri da wannan shashancin!" Wani uban ma take motar zai yi da ƙafa.

To ku ji yadda wasu suka yi da irin wannan shashancin. A 1979 aka fara nuna wani fim ɗin zane a talabijin ɗin Japan mai suna Mobile Suit Gundam, na Yoshiyuki Tomino, labarin yaƙi da wasu ƙatta-ƙattan mutum-mutumin ƙarfe waɗanda mutum ke shiga ciki yana tuƙawa. A watan Yulin 1980 kamfanin Bandai ya fito da na roba a kwali, a kan yen 300, amma bai harhaɗa shi ba. Gutsattsari ne, mai saye shi zai yanko kowane, ya goge, ya haɗa da hannunsa. An rage girmansa sau 144, wato abin da a fim yake mita 18 ya dawo bai cika santimita 13 ba. Gunpla suke ce masa. Zuwa 2021 an fitar da sama da guda miliyan 700, ga masana'anta a Shizuoka, kuma a 2011 aka fara gasarsa ta duniya. Magidanta masu furfura suna zama a kansa, ba wanda ke ce musu sun lalace.

Abin da ya fi burge ni shi ne da yawa daga cikin gwanayensu ba sa barinsa sabo fil. Da gangan suke tsufar da shi. Su tsarma fenti mai duhu ya kwarara cikin lunguna, su dangwala soso a launin ƙarfe su ɗiɗɗiga a gefuna kamar fenti ya ɓanɓare, su barbaɗa garin kala a ƙafafu ya zama ƙura, su baƙanta bakin bindiga kamar hayaƙi ya lashe shi. Ƙa'idarsu ita ce kowane tabo sai da dalili: tsatsa inda ruwa ke kwanciya, ƙarzuwa inda ake gogayya. Jama'a, ba wannan ne yaronmu yake yi ba, in ya goga gawayi a salansar motarsa, ya ɗan karkata bodin kamar lodin buhuna ya rinjaye ta, ya rubuta mata kirari a goshi? Ya tsaya a bakin hanya ranar kasuwa ya ƙare wa mota kallo ne kafin ya ƙera. Mu marubuta mun san tsadar irin wannan idon, domin duk jarumin da muka rubuta ba tabo ba miki, makaranta ba sa yarda da shi.

Na san wani zai ce wasan yana cinye lokacin karatu da Islamiyya. Gaskiya ne komai yana son iyaka, to a sa masa lokaci mana, kamar yadda ake sa wa ƙwallo. Wani kuma zai kawo maganar sassaƙa surar mai rai. Wannan fagen malamai ne, amma ai mota da jirgi da tarakta ba su da rai, kuma su ne yaranmu suka fi ƙerawa. Ni ban ce a tafi Japan a sayo musu kwalin roba ba, kara kyauta ne a gonakinmu.

Ku dubi Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, wanda tun yana yaro yake zanen motoci. Ya yi karatu a Birnin Kebbi, ya wuce Detroit ta Amurka, ya shiga kamfanin General Motors, shi ya zana samfurin Chevrolet Volt da aka nuna a 2007, sannan ya shugabanci hukumar ƙirar motoci ta Nijeriya daga 2017 zuwa 2023. Da an yayyaga takardunsa tun farko, wa zai san shi?

Tsorona a yau ya wuce na tsawar iyaye. Motar roba ce da muke sayowa a haɗe daga kasuwar Sabon Gari, yaro ya ja ta kwana biyu ta karye a jefar, sai kuma waya da muke miƙa masa don ya yi shiru. Hannun da bai saba gyara ba, saye kawai zai iya.

Shawarata ga malaman firamare na Rano da Kibiya, ku ware rana ɗaya bayan kaka, kowane yaro ya kawo abin da ya ƙera, a kira iyaye da masu unguwanni su gani, a ba gwani ko da littafi da fensir ne. Iyaye kuma, in kun ga yaro ya duƙufa da reza da kara, ku ja masa kunne kada ya yanke, sannan ku tambaye shi wace mota ce.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya sa albarka a hannuwansu. Sai mun haɗu a ci gaban labarinmu. Wassalam.