La'adar Dillali: A Yanke Ta Kafin A Taya

Duk wanda ya saba zama a zauren mai unguwa, ko yakan leƙa kotun alƙali a Kano ko Zariya ko Katsina, ba zai kasa lura da cewa cinikin gida, wanda ake farawa da raha da musafaha, ake kuma rufewa da addu'ar Allah ya sa alheri, sau da yawa ba ya cika mako guda sai ya haifi husuma ba. Abin takaici kuwa shi ne, mai saye ya karɓi gidansa ya gamsu, mai sayarwa ya karɓi kuɗinsa ya gode, amma sai a wayi gari ana ta rantse-rantse a kan la'adar dillali. A ganina asalin wannan fitina ɗaya ne tak: muna jin nauyin yanke la'ada tun farko, sa'an nan mu zo muna zubar da mutunci a kanta daga ƙarshe.

Ya kamata a fara da yi wa dillali adalci, domin mutumin da ya san kangon da magada ke son rabuwa da shi da fulotin da ke da rikicin iyaka, wanda yake yini cikin rana yana kai masu saye ɗaya bayan ɗaya, wannan ya raina ɗakuna, wancan ya kushe unguwa, har Allah ya kawo mai rabo, ba za a ce guminsa banza ne ba. Imamul Bukhari ya ware babi guda a cikin Sahihinsa a kan ladan dillanci, inda ya ambaci cewa manyan tabi'ai irin su Ibnu Sirina da Hasanul Basari ba su ga laifi a cikinsa ba. Malamanmu na Malikiyya kuma sun yi bayanin ji'ala, wato lada a kan kammala wani aiki, suka sharɗanta abu biyu: ladan ya zama sananne tun lokacin ƙulla magana, kuma mai aikin ba ya cancantarsa sai aikin ya cika.

To, waɗannan sharuɗɗa biyu su muka yi watsi da su. Mu ɗauki misali da magadan da suka yanke shawarar sayar da gidan mahaifinsu don a raba wa kowa haƙƙinsa. Babban wa ya faɗa wa wani dillali a bakin masallaci, shi kuma ya ce, "Haba Alhaji, ai ba za mu ɓata ba," aka rabu a kan haka. Dillalin ya faɗa wa abokinsa, abokin ya faɗa wa yaronsa, yaron ya sa hoton gidan a waya, har labari ya kai ga wani mai saye ta hannun dillali na biyar. An taya, an yi albarka, an ƙara, an sallama a kan naira miliyan 20, an ba da kafin alƙalami. Ranar biyan cikon kuɗi sai ga mutum biyar zaune a tabarma, kowa na cewa shi ya kawo ciniki, suna neman kashi 5 cikin 100 daga mai sayarwa da wani kashi 5 daga mai saye, alhali magada sun ɗauka tukwici kawai za su bayar. Miliyan guda ke nan za ta fita daga dukiyar da akwai rabon marayu a cikinta, ba tare da an taɓa shawartar waliyyinsu ba.

Mafi muni daga wannan shi ne ɗorin ɓoye, inda mai gida zai ce miliyan 18 yake nema, dillali ya je ya ce wa mai saye 20 ne, ya hana su haɗuwa har a gama, ya soke biyun a aljihu, sa'an nan ya dawo ya miƙa hannu yana neman la'ada. Masu wannan ɗabi'a sukan fake da abin da aka ruwaito daga Ibnu Abbas, cewa babu laifi mutum ya sa wa kayansa farashi ya bar wa dillali abin da ya ƙaru, sun manta cewa a can mai kaya ne ya yarda da bakinsa. Dillali wakili ne, wakili kuwa amintacce ne, kuma ribar da aka ci a bayan idon wanda ya wakilta ha'inci ce. Haka nan kawo ɗan kore ya yi tayin ƙarya don a zuga mai saye, shi ne najashi wanda Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana. Sai dai kada masu gidaje su ga kamar su kuɓutattu ne, domin wanda dillali ya kawo masa mai saye, ya ce ya fasa, bayan sati biyu ya kewaya ya yi cinikin a asirce don ya tsere wa la'ada, shi ma ya ci haƙƙin ma'aikaci.

Wannan cuta ba tamu ce mu kaɗai ba. A Amurka, inda aka daɗe mai sayarwa na biyan kashi 5 zuwa 6 cikin 100, dillalinsa da na mai saye su raba, masu gidaje sun kai ƙarar babbar ƙungiyar dillalan ƙasar, aka yanke hukunci a kanta a jihar Misuri cikin Oktoba 2023, har ta amince a Maris 2024 za ta biya dala miliyan 418. Abin lura shi ne maganin da suka cimma: tun daga Agusta 2024, dillalin mai saye ba ya zagayawa da shi cikin gida sai sun rubuta yarjejeniya mai bayyana ladansa. Sun sha wahalar shari'a kafin su isa ga ladabin da aya ta 282 ta Suratul Baƙara, mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta koya mana game da rubuta haƙƙoƙi da kafa shaidu.

Saboda haka ina kira ga masu unguwanni da dagatai, waɗanda ake nema su shaida ciniki, da su ƙi sa hannu sai an nuna musu takarda mai amsa tambayoyi huɗu: wane ne dillalin da aka wakilta, nawa ne la'adarsa, wa zai biya, kuma yaushe ta wajaba, ranar kafin alƙalami ko ranar cikon kuɗi. Wanda aka wakilta shi zai sallami mataimakansa daga rabonsa, kuma lalle mai saye da mai sayarwa su ji farashi daga bakin juna. Shugabannin dillalai su ma su riƙe rajistar mutanensu, su hukunta maha'inci da kansu, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Dillalin kirki ba abin da zai rasa a cikin wannan tsari, hasali ma shi ne zai fi kowa amfana, tunda haƙƙinsa zai fita ba tare da roƙo ko rantsuwa ba.