DAGA GAƁAR BINUWAI: Baƙo Raɓa, Ɗan Gari Kaba

Jama'a masu karatu, a wannan mako ina so mu tattauna a kan wata al'ada da ta yaɗu cikin ikilisiyoyin Kirista, watau tafiyar mishan ta ɗan gajeren lokaci. Ƙungiya ce ta samari da 'yan mata, ko likitoci da malamai, za ta tashi daga Turai ko Amurka ta sauka wata ƙasa, ta yi mako biyu ko uku tana aikin taimako, sa'an nan ta koma gida. Mu mutanen Yola da Jimeta mun sha tarbar irin waɗannan baƙi. Yau kuma 'ya'yanmu ne ke neman gudummawa a majami'u don su ƙetara Kamaru ko Chadi su yi irin wannan aiki. To, shin tafiyar tana amfanin waɗanda aka je dominsu, ko kuwa matafiyin kaɗai take wa amfani?

Kafin mu amsa, bari mu waiwayi tarihi. Cikin 1913 wani likita ɗan ƙasar Danmak, Niels Bronnum, ya biyo kogin Binuwai ya sauka Numan. Matarsa ta rasu a hanya bayan haihuwa, aka koma da jaririn Turai, shi kuwa ya ci gaba. Ya zauna cikin Bachama, ya koyi harshensu, ya yi musu magani. Daga wannan zama ne ikilisiyar Lutheran ta ƙasar nan, watau LCCN, ta tsiro, har makarantar horad da fastocinta da ke Mbamba kusa da Yola take ɗauke da sunansa. Haka kuma cikin 1923 Stover Kulp da Albert Helser suka fara aiki a Garkida, inda Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ta samo asali. Waɗannan mutane suna da nasu kurakurai, kuma sun zo ne a ƙarƙashin inuwar mulkin Turawa. Amma abu ɗaya ba a musunsa: sun daɗe har suka san sunayen mutane, suka kuma horad da 'yan ƙasa waɗanda za su gaje su. Shi ya sa cikin 1973 Akila Todi ya zama Bishop, cikin 2017 kuma aka zaɓi Musa Panti Filibus, ɗan wannan jiha, ya shugabanci tarayyar ikilisiyoyin Lutheran ta duniya har zuwa 2023.

Mai zuwa na mako biyu ba shi da wannan dama. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Na taɓa raka wasu baƙi wani ƙauye inda suka haƙa rijiyar burtsatse. Aka yi kiɗa, aka yi addu'a, aka ɗauki hotuna. Da na koma bayan damina biyu, sai na tarar famfon ya lalace, mata sun koma ɗiban ruwa a rafi. Na tambayi mai unguwa dalili, ya ce, "Malam, rijiyar Turawa ce, muna jira su dawo su gyara abinsu." Ba wanda aka koya wa gyara, ba wanda aka shawarta tun farko. Niyyar baƙin kyakkyawa ce, amma sun bar wa mutane kaya ba tare da gammo ba. Alhali kuɗin jirgin mutum ɗaya daga cikinsu ya isa ya biya albashin ma'aikacin jinya na ƙauye watanni masu yawa.

Shekarar 2014 ita ce ta nuna mana wane ne raɓa, wane ne kaba. A ƙarshen watan Oktoba na shekarar Boko Haram suka kama Mubi, suka mamaye hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa da ke Kwarhi, dubban mutane suka kwararo Yola. A lokacin ƙasashen waje suna gargaɗin mutanensu kada su taka arewa maso gabas. Wa ya tarbi masu gudun? Magidanta ne na Jimeta da Yola, Kirista da Musulmi, waɗanda suka cika ɗakunansu da 'yan'uwa da bare. Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe harabar majami'ar Katolika ta St. Theresa ga kowa, ba a tambayi addinin mutum ba. Cikin 2021 kuma ya buɗe gidaje 86 a Sangere-Marghi ga waɗanda suka kasa komawa garuruwansu, ya gina wa Musulmin cikinsu masallaci. Gaskiya ne taimakon kuɗi ya zo daga ƙetare, kuma abin godiya ne. Amma ya yi amfani ne domin ya faɗa hannun mutanen da suka san wurin, waɗanda ba su da ranar tashi.

Kada a ɗauka ina cewa a daina tafiya. Zuwa da kai ya fi aike, kuma likitan ido da ya yi kwana goma yana cire yanar ido ya bar wa tsofaffi alherin da ba ya gushewa. Abin da nake kira gare shi shi ne a gyara niyya da hanya. Manzo Bulus, wanda ake kafa hujja da tafiye-tafiyensa, ya yi shekara ɗaya da rabi a Korinti yana ɗinkin tanti don ya ci da kansa, kuma yakan naɗa dattawan da za su riƙe jama'a. Almajiran da Yesu Almasihu ya aika an umarce su su tafi ba guzuri, su ci abin da aka ba su. Watau an aike su ne a matsayin baƙi masu bukatar mai masauki.

Saboda haka, ya ku samarinmu masu shirin zuwa Garwa ko Njamena, ku tambayi kanku abu uku. Mutanen wurin ne suka gayyace ku? Aikin da za ku yi, babu ɗan gari da zai iya yinsa in an ba shi kuɗin motarku? Wa zai riƙe shi bayan kun juya baya? In amsoshin ba su gamsar ba, ku aika da kuɗin ga faston da ke zaune can, ko ku tafi da sunan ziyara da koyo, wanda shi ma ba abin kunya ba ne. Ku girmama maƙwabtan mai masaukinku, ko wane addini suke bi, domin ku za ku tafi, shi ne zai ci gaba da zama da su.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.