Tsamiya ga wanda jikinsa ba ya son gyaɗa



A wani ƙauye kusa da Miriya na ga yaro an sa shi gaba da faɗa don ya ƙi kwaɗon zogale. Uwarsa ta ce tsirfa ce. Na duba hannunsa, duk borin jini ne. Ashe in ya ci ƙuli-ƙuli, sai ƙaiƙayi da kumburi.

Ba tsirfa ba ce. Akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa, ko kaɗan ce. Mu kuwa a Damagaram, daga Magariya zuwa Matamaye, ƙasar gyaɗa muke tun kafin a kafa SONARA a 1962. Kwaɗo ƙuli, yajin tsire ƙuli, kilishi ma haka. To, me irin wannan yaro zai ci?

Ra'ayina, mafita tana bakin gonarku: tsamiya. Mu kunu muka fi yi da ita. Mutanen Indiya kuwa suna dafa ta da dabino, ta zama mahaɗin abinci. Ku ma kuna iyawa.

Ku jiƙa tsamiya cikin hannu ɗaya a ruwan zafi, ku murje, ku tace. Ku cire ƙwallon dabino 10, ku daka da citta da barkono kaɗan. Ku haɗa, ku sa gishiri, ku dafa har ta yi kaurin kunu. Ana kwaɗa zogale ko rama da ita, ana ci da ƙosai ko rogo. Amma ku tambaya da wane mai aka toya ƙosan.

Ku kiyaye abu uku. Turmin da aka daka ƙuli a wanke shi sarai. Kada ta kwana cikin tukunyar ƙarfe, tsami yana cin ƙarfe. Ku yi ta kwana biyu kawai, ku zuba a kwalba mai tsabta. Tsamiya dangin gyaɗa ce a wajen tsiro, saboda haka a fara ɗanɗana kaɗan. Mai gyambon ciki ma ya rage.

In leɓe ko maƙogwaro ya kumbura, numfashi ya yi wuya, kada ku tsaya jiƙo. Ku kai shi likita nan take.

Kuma in kun zo sassabe, ku bar ƴar tsamiyar da ta tsiro. Jikokinku za su ci.

Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.