Tafkunan kan duwatsun Kamaru: har yaushe za mu bar wa baƙi su kaɗai?

Bahaushen Kamaru matafiyi ne, wannan ba a gardama. Da ƙafa kakanninmu suka ratsa duwatsun Banyo da ƙasar Banso suna fataucin goro, kuma har gobe da wuya ka sauka a wata tasha tsakanin Duwala da Kuseri ba ka ji Hausa ba. Amma je ka Briketeri a Yawunde ko New Bell a Duwala, ka tambaya wa ya taɓa kwasar iyalinsa ya kai su bakin wani tafki na kan dutse don su sha iska kawai. Kallon da za a yi maka ya ishe ka amsa. A wurin da yawanmu, tafiyar da ba ciniki, ba biki, ba ta'aziyya, aikin Nasara ce, ko ta wanda kuɗi suka yi wa yawa. Ni kam ina ganin wannan tunani cutar da mu yake yi, kuma 'ya'yanmu ne suka fi kwana a ciki.

Bari mu fara da abin da muke da shi. Daga gaɓar teku har zuwa tudun Adamawa akwai jerin tsoffin duwatsu masu aman wuta. Da wutar ta mutu, ruwa ya cika bakunan wasunsu, suka zama tafkuna a can sama, daji ya kewaye su. Dutsen Manenguba da ke kusa da Nkongsamba, kimanin kilomita 140 daga Duwala, tsayinsa ya haura mita 2,400. A cikin kwarin da ke samansa akwai tagwayen tafkuna, ana kiran ɗaya namiji, ɗaya mace. Macen ta fi girma, ruwanta shuɗi, ana iya gangarawa har bakinta. Namijin kore ne, yana can cikin rami mai wuyar sauka. A yankin nan dai, kusa da Melong, akwai magangarar ruwa ta Ekom-Nkam, inda kogi ke faɗowa daga tsayin mita 80 ko kusa da haka. Mutanen Ngaundere kuwa ba su da uzuri ko kaɗan, don tafkin Tison bai kai tafiyar rabin awa a mota daga cikin gari ba, itatuwa sun lulluɓe shi, ga magangarar kogin Vina a kan hanyar.

Mutane na biyan kuɗin jirgi daga Faransa da Jamus don su zo su taka waɗannan wurare. Yaron da aka haifa a ƙasar kuma ya tashi a lungu mai kwata, iyakar hutunsa na makaranta waya a hannu ko zaman bakin shagon babansa. Yana karanta sunan Manenguba a littafi don cin jarrabawa, bai taɓa jin sanyin wurin a jikinsa ba. Gani ya kori ji, in ji Hausawa. Yaron da ya hau dutse ya haki, ya leƙa ya ga hazo a ƙasansa, dangantakarsa da ƙasar nan ta bambanta da ta wanda iyakarsa unguwa da kasuwa.

Na san uzurorin da ake kawowa, kuma ba duka ne na banza ba.

Na farko tsoro. Da ka ambaci tafkin dutse sai dattijo ya ce maka Nyos. Yana da gaskiyarsa. A daren 21 ga Agusta 1986, iskar da ta taru a ƙarƙashin tafkin Nyos ta ɓalle ta gangara cikin kwaruruka, ta kashe mutum sama da 1,700 da dabbobi kusan 3,500, kuma Fulani makiyaya na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Shekara biyu kafin nan, a 1984, tafkin Monoun ya kashe mutum 37 ta irin wannan hanya. Sai dai masana sun gano sanadin. Iska ce mai shaƙe numfashi da ke fitowa daga ƙarƙashin ƙasa, tana narkewa a cikin ruwa mai zurfi, tana taruwa shekara da shekaru. Tun 2001 aka kafa bututu a Nyos yana fitar da ita a hankali, aka ƙara wasu a 2011. Kuma tafkuna uku ne a duniya aka sani da tara iskar har haka: Nyos, Monoun, da Kivu da ke tsakanin Ruwanda da Kwango. Haɗarin da ya fi kusa da mai iyali a bakin tafki shi ne nutsewa. Waɗannan tafkuna ba irin kududdufin bayan gari ba ne, gefensu a tsaye yake, na Nyos ma zurfinsa ya haura mita 200, ga ruwan da sanyi. Yaranmu da yawa ba su iya iyo ba. To a hana su shiga, a sa musu ido, shi ke nan.

Na biyu maganar addini. Wasu na cewa ai wuraren tsafi ne. Gaskiya ne Bakossi na ɗaukar Manenguba a matsayin tushen kakanninsu, mutanen Oku ma na girmama tafkinsu, suna da al'adun da suke yi a can. To wa ya ce ka shiga al'adar? Kai kallon halittar Allah ya kai ka, kuma wannan abu ne da malamanmu ke kwaɗaitarwa kullum a wa'azi. Salla ma ba ta hana tafiya, ga sauƙin da aka yi wa matafiyi, buta da tabarma kuma ba su da nauyi. Kada mu manta Musulmi ne ke zaune a cikin kwarin Manenguba ɗin kansa, Mbororo da shanunsu da dawakinsu, kuma ba su bar salla don suna maƙwabtaka da tafkin ba. Mai tsoron abin da iyalinsa za su gani a bakin teku a Kiribi ko Limbe, a nan hankalinsa zai fi kwanciya, don sanyin dutse da kansa yake sa mutum ya rufe jiki.

Na uku tsaro, kuma a nan ba zan yi wa kowa daɗin baki ba. Tafkin Oku na cikin mafi kyawun da muke da su. Yana sama da mita 2,200, a gefen dutsen Kilum mai tsayin mita 3,011, cikin dajin Kilum-Ijim. Amma yana yankin Arewa maso Yamma, inda rikicin da ya faro a 2016 ya koma na bindiga, ga garkuwa da mutane. Ba wurin kai mata da yara ba ne a yanzu. Manenguba ma ɓangarensa na Bangem yana cikin Kudu maso Yamma, don haka mai niyya ya hau ta gefen Melong, ya tambayi mutanen wurin halin da ake ciki kafin ya bar gida, ya kuma ɗauki ɗan jagora. Da ɗan gari akan ci gari.

Akwai kuma wani dalili da ya wuce shan iska. Dazuzzukan kan duwatsun nan suna ƙarewa, kuma duk sanda aka zauna maganar, sunan kiwo da gobarar daji sai ya fito. Dajin Kilum-Ijim, mai faɗin hekta 20,000 ko kusa da haka, shi ne mafi girman irinsa da ya rage a wannan yanki na Afirka. A cikinsa ake samun farar zumar Oku, wadda tun 2013 aka yi wa sunanta rajista don kada wani ya sayar da jabu da shi. A tafkin akwai wani ɗan kwaɗo da babu irinsa ko'ina a duniya. Idan aka cinna wa ciyawa wuta da rani don sabuwa ta tsiro wa dabbobi, wutar ba ta san iyaka ba, takan ci har cikin daji. Awaki da shanu kuma suna cinye ƙananan itatuwa kafin su tasa. Mai zuma ya yi asara, maɓuɓɓugan ruwa su ja baya, sai gaba ta shiga tsakanin manomi da makiyayi. Ranar da hukuma da ƙungiyoyi za su yanke inda za a yi kiwo da inda za a hana, ɗan bokonmu da bai taɓa taka wurin ba me zai ce? Ba zai iya kare makiyayi in an zalunce shi ba, ba zai iya gaya masa gaskiya in shi ne da laifi ba. Sai mu wayi gari ana yanke hukunci a kan 'yan uwanmu, mu kuma muna jin labari a WhatsApp.

In za mu je kuma, mu je da ladabi. Kowa ya san yadda filin biki ke zama bayan mun watse, leda da robar ruwa ko'ina. Wanda ya yi haka a bakin tafki ya ja wa al'umma duka zagi, don ba sunansa za a kira ba, cewa za a yi Hausawa ne. Abin da ka hau da shi ka sauko da shi. In za a gasa nama, a kashe wutar da ruwa kafin a tashi. Kada a yi wanki ko wankin babur a cikin tafki. Inda mutanen gari suka ce ba a shiga, kada a shiga, ko da kai ba ka yarda da dalilinsu ba. Mu da muke so a girmama masallacinmu a garin da ba mu da rinjaye, mu ya fi kamata mu gane wannan.

Maganar kuɗi ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Abin da ake kashewa a ankon biki guda ya isa ya kai gida guda Tison ya dawo da su, har da guzuri. Ƙungiyoyin matasa da makarantun Islamiyya na iya haɗa kuɗi su ɗauki mota guda, mata ma na iya ware kwasa ɗaya ta adashi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne rani, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sanda hanya ta bushe, ga hutun ƙarshen shekara ya faɗo a ciki. A tafi da rigar sanyi da takalmin da ba ya santsi, a tashi da sassafe, a sauko kafin magariba.

Ina kira ga limamai da sarakunan Hausawa na unguwanni da shugabannin makarantu, ko sau ɗaya ne a shekara, a fitar da yaran nan su ga ƙasarsu. Na Ngaundere su fara da Tison, na Duwala da Nkongsamba su nufi Manenguba. Oku kuwa mu ci gaba da addu'a Allah ya kawo zaman lafiya, mu kai su can ma su sha farar zuma a inda ake yin ta.